Filin Tambaya da Amsa: Wai kifin aku ɗan gidan wa ne?

Assalamu alaikum jama'a, barkanmu da sake haɗuwa. Tun da muka buga hoton wani kifin teku kore shar mai baki irin na aku a fitowar da ta wuce saƙonni suke ta shigowa, wasu ta WhatsApp wasu ta Facebook, har da wanda ya rantse wai fenti aka yi wa kifin. Ba fenti bane, haka Allah Ya yi shi. Na tsinci tambayoyin da suka shafi asalinsa da danginsa na haɗa wuri ɗaya, masu tambayar yadda ake soya shi ku yi haƙuri sai wani jiƙon.

Tambaya: Salam Malam. Ni direba ne a Jidda, na daɗe a nan. Wannan kifin da kuka sa ai shine harid, cike yake a kasuwar kifi ta Bangala. Yarona dake sakandare ya ce a wani littafi an rubuta danginsa Scaridae, a intanet kuma ya ga an sa Labridae, muka yi ta musu da shi. Wanne ne daidai, kifin ne ya canza ko masanan ne basu da tsayayyar magana?

Amsa: Wa alaikumus salam Alhaji, Allah Ya tsare hanya. Kifin dai bai canza ba, yana nan yana gwaguyar dutsensa. Abin da ya canza shine irin hujjar da ake sa shi a dangi da ita.

Masana suna jera halittu ne hawa hawa. A ƙasa akwai nau'i, nau'o'in da suka yi kusa sosai a haɗa su gida ɗaya, gidaje kuma su taru su zama dangi. Shi yasa sunan kimiyya yake zuwa kalma biyu, ta farko gida ta biyu nau'i, harid ɗinku na Bahar Maliya sunansa Hipposcarus harid. Kifin aku gaba ɗaya nau'insa tsakanin 90 zuwa 100 ne, a cikin gidaje 10, kuma fiye da rabi a gida ɗaya suke mai suna Scarus.

Kuma kaga garin da kake zaune yana cikin labarin tun farko. A 1761 sarkin Denmak ya tura tawagar masana ƙasashen Larabawa, cikinsu akwai wani matashi Peter Forsskål, almajirin Linnaeus wanda ya ƙirƙiro wannan tsarin suna biyun. Ya bi ta Masar ya sauka Jidda ya wuce Yaman yana tara kifi yana tambayar masunta sunayensu yana rubutawa, zazzaɓi ya kashe shi a garin Yarim a 1763, sai abokin tafiyarsa Carsten Niebuhr, wanda shi kaɗai ya koma gida da rai a cikinsu, ya buga rubutunsa a 1775. Sunan Scarus a matsayin gida daga wannan aikin yake, haka su harid da ghobban (shi ma wani nau'in kifin aku ne), bakin masuntan Bahar Maliya aka ɗauko su. A 1810 aka ware wa kifin aku dangi nasa na kansa, Scaridae, kuma kusan shekara 200 haka ake rubutawa. Hujjar a fili take, duk wanda ya kalli bakin nan da haƙoran suka manne suka zama faranti biyu sama biyu ƙasa zai ce wannan daban yake da kowa.

Su kuma Labridae wani babban dangi ne, sun haura nau'i 600, bari mu kira su masu leɓe saboda kaurin leɓensu. Haƙoransu a rarrabe suke masu tsini, yawanci ƙaguwa da dodon koɗi da ƙananan halittun ruwa suke ci. Tun da daɗewa an lura akwai abubuwan da suka haɗa su da kifin aku, dukkansu da fiffiken gefe suke iyo kamar masu tuƙa kwalekwale wutsiya sai in za a gudu, dukkansu suna da wasu haƙoran a maƙogwaro, kuma da yawansu mace tana rikiɗa ta zama namiji. Amma ana ɗaukarsu dangi biyu ne maƙwabta. Sai da aka fara karanta ƙwayoyin gado, wato DNA, musamman aikin Mark Westneat da Michael Alfaro na 2005, aka ga ashe kifin aku daga tsakiyar masu leɓe ya tsiro. Mafi kusa da shi ma wani reshe ne da ya ƙunshi ƙaton kifin nan mai ƙullutu a goshi da Turawa ke ce wa Napoleon, ku a Jidda tarabani, wanda yakan kai mita 2. Wato tarabani ya fi kusa da harid a jini fiye da yadda ya ke kusa da wasu masu leɓen da suka fi kama da shi a ido.

To a nan ne ƙa'idar ta shigo. Masana na yanzu sun ce dangi sai ya ƙunshi kaka da duk zuri'arsa, ba a cire wani. Jika ne ya yi arziki ya fita ya gina katafaren gida ya canza sutura har ana kiran layin da sunansa, amma in an zo lissafin zuri'a dole a ƙirga shi a gidan kakansa, in ka cire shi lissafin ya gurgunce. Shi yasa da yawa yanzu suke rubuta shi a ƙarƙashin Labridae a matsayin reshe. Masu riƙe da Scaridae kuma ba jahilci bane, sabo ne da sauƙin aiki, jami'in kamun kifi da ke cika fom ba ruwansa da kaka. A ganina dai na intanet ɗin ne ya dace da hujjar da ake da ita yau, kuma abin dariyar shine Linnaeus da kansa a 1758 da ya sami kifin aku na Bahar Rum cikin masu leɓe ya jefa shi. Amma ka faɗa wa yaron in jarrabawa ce ya rubuta abin da ke littafin malaminsa.

In ka samu hutu a watan Afrilu ka leƙa tsibiran Farasan ta wajen Jazan, duk shekara harid yana taruwa a wani lungun ruwa marar zurfi mutanen garin su shiga su kama, biki ake yi guda.

Tambaya: Malam barka da aiki. Ni ɗaliba ce ina karanta harkar kifi, daga Sakkwato. A wani tsohon handawut da muka gada an sa karfasa da kifin aku a rukuni ɗaya wai Labroidei saboda haƙoran maƙogwaro. Kenan karfasarmu 'yar uwarsa ce? Sannan talibambam fa, shi ma ai bakinsa irin na aku ne.

Amsa: Ƙanwata tambayarki ta fi ta kowa daɗi a wannan watan, kuma handawut ɗin ba ƙarya ya yi ba, tsufa ya yi. A 1982 Les Kaufman da Karel Liem suka haɗa dangin karfasa, da masu leɓe, da kifin aku, da wasu ƙananan kifaye masu kala da ke zama a dutsen murjani na cikin teku a rukuni ɗaya, hujjarsu kuwa mai ƙarfi ce a lokacin. In kika yanka karfasa kika duba can cikin maƙogwaro za ki ga wani ƙashi mai kusurwa uku da ƙananan haƙora a kai, asali ƙashi biyu ne suka haɗe suka zama ɗaya, tsoka ta rataye shi da ƙoƙon kai, yana haɗuwa da na sama yana niƙa abinci. Wannan tsari mai wuyar sha'ani haka yake a kifin aku, sai dai nasa ya fi ƙarfi nesa ba kusa ba tunda dutse yake niƙawa. Masana suka ce abu mai sarƙaƙiya haka ba zai fito sau biyu ba, dole gado ne daga kaka ɗaya.

Ashe ya fito, ba ma sau biyu ba. Binciken DNA da aka yi ta yi, har da wani babba da Peter Wainwright da abokan aikinsa suka fitar a 2012, ya nuna wannan muƙamuƙin maƙogwaro ya ɓulla sau da dama a rassa daban daban, kowa ya samo nasa. Karfasa tana wani babban reshe ne tare da kifin nan mai tashi sama a teku da wasu da ƙwansu ke da zare mai mannewa, masu leɓe da kifin aku suna wani reshen can daban. Rukunin Labroidei yadda aka tsara shi a da ya watse.

Talibambam kuma, wanda ke kumbura in an taɓa shi, da muke da shi a kogin Kwara da Binuwai da tafkin Chadi har Nilu, sunansa Tetraodon lineatus. Abin mamaki a bishiyar zuri'a ya fi karfasa kusa da kifin aku, suna cikin babban reshe ɗaya, amma kusancin na nesa ne sosai kuma bakin ba gado ɗaya bane. Ki duba ƙirar ma ta bambanta, na kifin aku ƙananan haƙora ne jere bisa jere aka manne, wani bincike na 2017 ya ƙirga kusan 1,000 a layi 15 a wani nau'i, na gaba suna cinyewa na baya suna matsowa. Na talibambam faranti huɗu ne da ake ta ƙara musu shimfiɗa daga ciki, shi dodon koɗi yake fasawa. Har a cikin dangin masu leɓen ma an yi baki mai manne sau biyu, akwai wasu a ruwan sanyi na kudancin Ostiraliya da New Zealand masu cin ganyen teku, su ma da dangi aka ba su na kansu, Odacidae, DNA ya mayar da su cikin Labridae amma a wani reshe da ba na kifin aku ba. Duk inda abinci mai tauri yake sai ki ga an samu wani ya yi bakin da zai iya da shi, shi yasa baki kaɗai ba ya isa shaida.

Tambaya: Malam ina da akwatin gilashi na kifi a falo a nan Abuja, mai shagon ya sayar min da wasu jajaye masu kumburin jiki ya ce sunansu kifin aku. Su ne wannan? In sa musu gishiri?

Amsa: Hajiya don Allah kar ki sa, ruwan gishiri irin na teku zai kashe su. Waɗannan kifin ruwan daɗi ne, dangin karfasa, kuma barbarar yanyawa ce da masu kiwo suka haɗa a Taiwan a shekarun 1980 daga wasu nau'o'in Amurka ta Tsakiya, babu su a kogi ko tafki. Ƙaramin bakin nan nasu da ba ya rufuwa sosai ne ya jawo musu sunan. Kifin aku na gaskiya ɗan teku ne, da wuya ma ya rayu a akwatin falo don yini yake yana kankarar dutse kuma yana buƙatar fili. Ki dai riƙa ba naki abinci ƙanana da za su iya haɗiya.

Tambaya: Gaisuwa Malam daga Bur Sudan, mu Hausawan nan muna karanta ku. A bakin teku masunta suna kawo wani kore mai kyau da wani ja-ja mai duhu, farashinsu ma daban, amma wani tsohon masunci ya ce min kifi ɗaya ne, mace da miji. Gaskiya ne?

Amsa: Ɗan uwa a gaida mutanen Sudan. Ban ga kifin da aka kawo maka ba amma maganar tsohon nan tana kan hanya, kuma abin da ya gane a bakin ruwa ya ɗauki masana Turai fiye da shekara 100 suna tuntuɓe a kai.

Yawancin kifin aku kala uku yake yi a rayuwarsa. Yana ƙarami da kalarsa, in ya balaga ya shiga kalar farko wadda yawanci ja-ja ce ko ruwan ƙasa ko toka, mafi yawan masu wannan kalar mata ne ko da yake akan sami maza a ciki. Daga baya wasu matan in sun girma sai jikinsu ya juya su zama maza, kala ta koma kore da shuɗi da ratsin hoda, wani har goshinsa da wutsiyarsa su canza fasali. A wasu nau'o'in namiji ɗaya ne ke riƙe da mata da yawa a yankinsa, in ya mutu ko aka kama shi babbar cikinsu ce take rikiɗa ta maye gurbin.

Yanzu ka ɗauki masanin ƙarni na 19 yana zaune a gidan tarihi a Faris ko Landan, an aiko masa da kifi a kwalba cikin sinadari kala ta koɗe, bai taɓa ganinsa da rai ba balle ya ga wa yake bi wajen zuba ƙwai. Ya ga ja ya ba shi suna, ya ga kore ya ba shi wani, wani masanin a Jamus ya sake ba su wasu. Haka aka tara ɗaruruwan sunaye a kan kifin da bai wuce nau'i 100 ba. Misalin da aka fi sani na tekun Karibiyan ne, Sparisoma viride kore da Sparisoma abildgaardi mai jan ciki, nau'i biyu ake lissafa su har shekarun 1950 da aka gano abu ɗaya ne. Leonard Schultz na cibiyar Smithsonian a Amurka ya yi babban aikin tace sunayen a 1958, sannan irin su John Randall da suka riƙa nutso da tukunyar iska suna kallon kifin a gidansa suka ci gaba da gyarawa. Gilashin nutso ya yi wa wannan fanni aiki kafin DNA ya zo.

DNA ɗin kuma ba haɗewa kawai yake ba, yana rabawa. Akwai wanda Forsskål ya sa wa sordidus a Bahar Maliya, an daɗe ana cewa shine har Hawai, yanzu an ware na tekun Pasifik da sunan Chlorurus spilurus, a ido da ƙyar ka bambance su. Kuma ba duka ne ke canza jinsi ba, akwai Leptoscarus vaigiensis mai zama cikin ciyawar teku, shi yadda aka ƙyanƙyashe shi haka zai mutu. Na Bahar Rum kuma ya juya abin, macen ce ja mai ado namijin toka toka.

Abin da ya shafi aljihunku a nan shine in masunta suka bi manyan korayen nan kaɗai saboda sun fi tsada, mazan ake kwashewa, sai mata su fara rikiɗa tun basu gama girma ba, kifin yankin ya yi ta ƙanƙancewa.

Tambaya: Ranka ya daɗe, ni malamin kimiyya ne a wata sakandare a Maraɗi. Ina son in san yadda gidajen nan 10 suka rabu a tsakaninsu da kuma yaushe abin ya faru, yara suna tambayata ta ina aka san shekarun.

Amsa: Malam sannu da ƙoƙari. Gidajen sun rabu reshe biyu, biyar biyar, wannan ya fito sosai a aikin Todd Streelman da abokansa na 2002. Reshe na farko mutanen ciyawar teku ne, Calotomus da Cryptotomus da Nicholsina da Leptoscarus da Sparisoma. Yawancinsu basu da kala mai ɗaukar ido, kuma wasunsu haƙoran basu gama mannewa ba kana iya ganinsu ɗaya ɗaya, tsinkar ganye suke. Ƙaramin cikinsu Cryptotomus roseus bai wuce santimita 13 ba. Reshe na biyu su ne na kan dutsen murjani, Scarus da Chlorurus da Hipposcarus da Cetoscarus da Bolbometopon, baki ya manne tsaf, kala kamar an zuba, kuma a cikinsu ne ake samun masu yin jakar yauƙi su kwana a ciki da dare, wadda wani gwaji a Ostiraliya ya nuna tana kare su daga ƙananan ƙwarin ruwa masu shan jini.

Sparisoma shine ɗan rikicin. Asalinsa ɗan reshen ciyawa ne, a tekun Atlantika kaɗai yake da Bahar Rum, amma wasu nau'o'insa sun hau dutsen murjani sun yi baki mai ƙarfi da kala irin ta ɗaya reshen, su ma da kansu suka kai can. Ga dabarar da za ka nuna wa yara ko a hoto, in Scarus ya rufe baki farantin sama ne ke rufe na ƙasa, in Sparisoma ne na ƙasa ke hawa kan na sama.

Shekaru kuma hanya biyu ake bi a haɗa. Ta farko ƙasusuwan da suka zama dutse. A Monte Bolca kusa da Verona a Italiya akwai duwatsu masu shekara kusan miliyan 50 cike da kifin teku mai ɗumi, an sami masu leɓe a ciki amma babu kifin aku. Mafi tsufan kifin aku da aka tabbatar an tono shi ne a Ostiriya, ƙasar da yau ko teku bata da shi, ɗan gidan Calotomus ne mai shekara wajen miliyan 14. Hanya ta biyu a ƙirga yawan bambancin DNA tsakanin nau'i biyu, a yi amfani da waɗancan duwatsun da kuma abubuwan da aka san lokacinsu wajen saita lissafin, misali haɗewar ƙasar Panama wajen shekara miliyan 3 da suka wuce wadda ta raba kifin Karibiyan da na Pasifik. Da wannan lissafin wasu suka sa farkon kifin aku kusan shekara miliyan 40, wasu kusan 30, ka faɗa wa yara kiyasi ne mai faɗi ba ranar haihuwa ba. Abin da aka fi yarda da shi shine yawancin nau'o'in Scarus da Chlorurus sababbi ne, cikin 'yan miliyoyin shekarun baya suka yaɗu, kuma inda suka fi yawa yau shine tsakanin Indonesiya da Filifin da Papua New Guinea.

In suka ce me ya kai kifin teku Ostiriya, a da akwai wani teku mai ɗumi da masana ƙasa ke kira Tethys tsakanin Afirka da Turai da Asiya, ya haɗa Atlantika da tekun Indiya, sai Afirka da yankin Larabawa suka matsa arewa suka toshe shi tsakanin shekara miliyan 12 zuwa 18 da suka wuce, kifin gabas da na yamma kowa ya kama gabansa. Wani hannu na wannan tekun ya taɓa ratsa Sahara ya biyo ta yammacin Nijar har Sakkwato, dutsen Kalambaina da ake siminti da shi a ƙarƙashin ruwan gishiri ya taru. Sai dai wancan ruwan ya janye tun kafin a yi kifin aku, kar yara su tafi tono.

Tambaya: Malam ni fa wannan maganar kaka ɗaya da miliyoyin shekaru tana tayar min da hankali, ba ita ce aƙidar Darwin da ake ce mana biri ne kakanmu ba? Daga wani dattijo a Zariya.

Amsa: Baba Allah Ya ƙara girma. Maganar halittar Annabi Adamu, amincin Allah ya tabbata a gare shi, ba ta cikin wannan filin, ta malaman addini ce kuma a wajensu ake ɗaukarta. Abin da nake kawowa a nan shine abin da masu binciken kifi suka auna da yadda suka fassara shi, sun gwada ƙwayoyin gadon harid da tarabani da karfasa, irin gwajin da asibiti ke yi don gane nasaba, suka ga na biyun farko sun fi kama da juna, suka ce to waɗannan tushensu ya fi kusa. Akwai musulmi masana da yawa a jami'o'in Saudiyya da Masar da Indonesiya da ke wannan aikin a kan kifin tekunsu suna kuma sallarsu. Kuma ko mutum bai karɓi fassarar ba, jerin yana da amfani, da shi ake sanin wane kifi ne ke ƙarewa da wanda za a hana kamawa.

Tambaya: Na gani a TikTok wai farin yashin bakin teku kashin kifin aku ne. Haba Malam. Daga Kano.

Amsa: Haba ɗin ta yi, amma akwai gaskiya a ciki, a wasu wuraren. Dutsen murjani wasu ƙananan halittu ne ke gina shi, kifin aku yana kankara ko ya ɓantari dutsen don ya samu gansakuka da ƙwayoyin halitta masu rai da ke manne a kai da cikin ramukansa, haƙoran maƙogwaro su niƙe, abin da ba abinci ba ya fita ta baya a matsayin yashi. A wani tsibiri na Maldives mai suna Vakkaru an auna a 2015 aka ga sama da kashi 85 cikin 100 na sabon yashin da ake samu a wajen daga kifin aku yake.

Amma ba kowane kifin aku ba, kuma nan ne rabe raben ya yi rana. David Bellwood da Howard Choat sun nuna a 1990 cewa akwai masu kankarar sama sama, yawancin Scarus kenan, akwai masu ɓantara su bar rami, su ne manyan masu yashin. Wannan bambancin na muƙamuƙi yana cikin abin da yasa Bellwood ya fitar da Chlorurus daga cikin Scarus a 1994 ya tsayar da shi gida na kansa. Sarkinsu Bolbometopon muricatum mai ƙaton goshi, yana wuce mita 1, guda ɗaya yana iya ɓantarar kusan tan 5 na dutse a shekara. Yashin bakin ruwan Legas dai ba ruwansa da wannan, koguna ne suka kwaso shi daga tudu.

Tambaya: To mu nan Afirka ta Yamma akwai shi? Ina Tema a Ghana ban taɓa lura da shi ba, kuma ana ci?

Amsa: Akwai ɗan uwa, amma kaɗan. Gaɓar tekunmu bata da manyan duwatsun murjani irin na Bahar Maliya, saboda laka da ruwan daɗi da manyan koguna ke zubawa da kuma ruwan sanyi da ke tasowa daga ƙasan teku a wasu watanni, ku a Ghana kun san lokacin don shine kakar kifi. Duk da haka inda akwai duwatsu ana samun Scarus hoefleri, da wani Sparisoma choati da sai a 2012 aka tabbatar nau'i ne na kansa, da ana haɗa shi da wani ɗan uwansa na Karibiyan. Sun fi yawa a tsibirai irin su Sao Tome da Cape Verde.

Ci kam ana ci, namansa fari ne mai laushi. Sai dai ka cire kayan ciki tas, kar ka ci hanta, don a wasu tekuna kifin murjani yana tara guba daga abin da yake ci kuma dafuwa bata kashe ta, a Japan akwai wani nau'i Scarus ovifrons da ya sha kai mutane asibiti har da rasa rai. In ka je bakin ruwa ka tambayi masu kamu da ƙugiya ko tarko kusa da duwatsu, masu zuwa can tsakiyar teku da raga basu cika samunsa ba.